Shaƙuwar ɗan kwikwiyo: abin saye da abin bari

Wata baiwar Allah daga Kaduna ta rubuto hankali a tashe. Maigidanta ya kawo ɗan kwikwiyo mai mako takwas don ya taso ya yi gadi. Tana ajiye masa abinci, kafin ta juya ya lashe kwanon tas, sai shaƙuwa ta kama shi, cikinsa yana zillo. Yara har kuka suke yi. Tana tambaya ko wani abu ya ci, ko akwai maganin da za ta saya.

Hajiya, kwantar da hankalinki, ki kuma lallashi yaran. Akwai wani tantanin nama da ya raba ƙirji da ciki, shi ke taimaka wa numfashi. In kwikwiyo ya yi cin hannu-baka-hannu-ƙwarya, yakan haɗiyi iska tare da abincin, cikin ya cika farat ɗaya, tantanin ya riƙa fizga. Shaƙuwar ke nan, irin ta jariranmu bayan sun sha nono. Minti kaɗan take yi ta wuce, kuma tana raguwa yayin da yake girma. Babu abin da za ki saya. Ki raba masa abincin: sau huɗu a rana har ya kai wata uku, sau uku zuwa wata shida, daga nan sau biyu. Ki baza shi a faffaɗan tire maimakon kwano mai zurfi, in busasshe ne ki jiƙa da ruwan ɗumi. Bayan ya ci, yara su ƙyale shi ya huta.

Amma ki sa ido. In shaƙuwar ta ɗauki awanni, ko ta zo da tari, ko numfashi da ƙyar, ko amai, ko ya ƙi abinci, wannan ba ta gida ba ce, sai likitan dabbobi. In kuma ciki ya yi tulu alhali haƙarƙari a waje, mai yiwuwa tsutsar ciki ce ke sa shi wannan haɗama.

Wani mafarauci daga wajen Zariya ya ce 'yan kwikwiyonsa biyar ne, kasko ɗaya suke ci, dukansu suna shaƙuwa. Malam, ai gasa ka haɗa musu. Kowa ya san in bai yi sauri ba ɗan'uwansa zai cinye. Ka raba kasko, ka nisanta su, ka ware ƙaramin cikinsu ya ci shi kaɗai.

Sai wani matashi daga Kano da ya ga wani kwano a Instagram, mai ƙulle-ƙulle a ciki, wai yana hana kare saurin ci. Kuɗinsa da na kawowa sun fi na buhun abincin karen. Ya saya?

Kwanon yana aiki, ban ƙaryata ba. Amma ka sami dutse sumul, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, ka wanke ka ɗora a tsakiyar kwanon da kake da shi, zai yi ta zagaye yana ci a hankali. Aiki ɗaya ne. Abin da ya ɓata mini rai a wasiƙarka shi ne, ka faɗi launin kwanon da ƙasar da aka yi shi, ba ka ce uffan kan rigakafi ba. Wannan ɗabi'a ta yi mana katutu. Mutum zai sayi sarƙa mai ƙyalli da rigar kare, in an ce allura sai ya fara ƙorafin tsada. Shaƙuwa ba ta kashe kwikwiyo. Cutar Parvo, mai sa amai da gudawar jini mai wari, ita ce kan kwashe su cikin 'yan kwanaki. Ana fara rigakafinta tun yana mako shida zuwa takwas, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Allurar haukan kare kuwa a wata uku, kuma wannan ba don karen kaɗai ba ce, don 'ya'yanka ne da na maƙwabta. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ma tana haɗa ta, ba sai an jira daga Turai ba.

Kuma a ina za ka yi allurar? Na taɓa ganin wani a kasuwar mako ya zaro kwalbar rigakafi daga aljihun riga, rana tsaka, yana ce wa mai kare "wannan ɗan waje ne". Ruwan rigakafi sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya wuni a aljihu, ko da na gaske ne, ya tashi aiki. Ka biya kuɗi, ka koma gida da sakin jiki, karenka kuwa ba shi da kariya. Haka maganin tsutsa: ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ka guji wanda aka juye a kwalbar da ba ta da takarda, ka kuma auna nauyin kwikwiyon kafin a ba shi. Ka je asibitin dabbobi, ka ga an ɗauko daga firji, ka karɓi kati. Arha ba ta ado, balle a harkar allura.

Wani kuma yana tambaya ko a razana kwikwiyon, ko a ɗora masa zare a goshi, ko a jiƙa masa farasitamol. Zaren dai ba ya cizo, ka ɗora in kana da lokacin ɓatawa. Razanarwa za ta ba ka kare matsoraci, ka rasa mai gadin da kake nema. Farasitamol da Ibuprofen kuwa kada ka kuskura, suna iya lalata masa hanta da ƙoda. Ragowar miyar da ta sha albasa ma a daina juye masa.