Tambaya da Amsa: Kabayan ɗinmu da kofunansu uku a shekara ɗaya

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Wannan karon saƙonni sun taru kan abu ɗaya da ban taɓa zaton za a tambaye ni ba, wato ƙwallon kwandon 'yan Filifin, kuma gaskiya na ji daɗi, domin duk wanda ya zauna Jidda ko Riyad ya san babu asibiti ko wakshof ko wurin gyaran AC da za ka shiga ba ka tarar da kabayan ba (sunan da 'yan Filifin ke kiran junansu da shi), muna cin abinci tare muna hawa mota ɗaya amma abin da ke zuciyarsu ba mu cika sani ba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni makanike ne a Sana'iyya nan Jidda, akwai wani ɗan Filifin da muke dawam tare shekara huɗu kenan. A Nuwamban 2024 ya sayo mana bibsi wai ƙungiyarsa ta ci kofi, cikin azumi ya sake cewa sun ci kofi, sai kuma a Yuli ya zo fuska a murtuke ko magana ba ya yi wai an cinye su a wasan ƙarshe. To ni dai na ruɗe, sau nawa ake wasan ƙarshe a shekara a ƙasarsu? Ko dai wasa yake min da hankali?

AMSA: Ɗan'uwa ba ƙarya ya yi maka ba ko kaɗan, kuma daga watannin da ka lissafo har na gane ƙungiyarsa, TNT ce. Gasar sunanta PBA, an fara ta ranar 9 ga Afrilu 1975 a ɗakin wasa na Araneta da ke birnin Quezon gefen Manila, ita ce gasar ƙwallon kwando ta 'yan sana'a ta farko a duk nahiyar Asiya. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa mun san kaka ɗaya lig ɗaya, Ittihad ko Hilal ta ɗauka shikenan sai baɗi. Su ba haka ba ne, kakar ɗaya suke yankawa gida uku kuma kowane yanki da nasa zagayen da nasa wasan ƙarshen da nasa kofin. Akwai Kofin Gwamnoni, akwai Kofin Kwamishina, a waɗannan biyun kowace ƙungiya na da damar ɗauko ɗan wasan haya guda daga waje, yawanci Ba'amurke, har ma a na Gwamnonin sai an auna tsawonsa don akwai iyakar da ba a wucewa. Na ukun shi ne Kofin Filifin, babu baƙo ko ɗaya, 'yan gida zalla, shi ya sa suka fi ganin girmansa.

Toh kakar da abokinka ya sha wahala a kanta ita ce ta 49, daga Agustan 2024 zuwa Yulin 2025. TNT ta fara da cin Kofin Gwamnoni, ta doke Barangay Ginebra wasa huɗu da biyu, domin wasan ƙarshensu ba rana ɗaya ba ce, ana ta karawa ne har sai ɗaya ta ci huɗu cikin bakwai. A Maris suka sake haɗuwa da Ginebra ɗin dai a Kofin Kwamishina, wannan kam sai da aka kai wasa na bakwai, shi ma na bakwan sai da aka yi ƙarin lokaci kafin TNT ta sha da 87 da 83. Ranar Juma'a ce 28 ga wata, azumi na gab da ƙarewa, na tuna na dawo daga masallaci na biya wani shagon gyaran waya na tarar da mutum biyar sun duƙa kan waya guda da aka jingina da kwalin shayi, ɗayansu riƙe da sukundireba ya manta ma yana riƙe da ita, mai waya na tsaye yana jira babu wanda ya ɗago. Manila ta riga mu da awa biyar, wasan da suke yi bakwai da rabi na dare mu nan biyu da rabi na rana yake kamawa.

Yanzu ka ga saura kofi ɗaya kenan su haɗa uku, abin da suke kira Grand Slam, kuma wannan abu wuya gare shi sosai, tun 1975 sau biyar kacal aka taɓa yi: Crispa a 1976 da 1983, San Miguel a 1989, Alaska a 1996, sai San Mig Coffee a 2014, biyun ƙarshen nan ma koci ɗaya ne ya yi su, Tim Cone, wanda shi ne yake riƙe da Ginebra ɗin da TNT ta doke sau biyu. TNT ta kai wasan ƙarshe na Kofin Filifin a Yuli, amma ka tuna babu ɗan haya a nan, ga kuma raunuka sun cinye su, tsohon hannunsu Jayson Castro ma tun kofin baya gwiwarsa ta samu matsala. Suka haɗu da San Miguel mai June Mar Fajardo, wani ƙato ɗan Cebu mai tsawon ƙafa 6 da inci 10 wanda ya zama gwarzon gasar sau shida a jere daga 2014 zuwa 2019 ya kuma ƙara bayan nan, San Miguel ta ci huɗu da biyu. Abin da zai fi yi wa abokinka ciwo, ba wannan ne karon farko ba, a 2011 ma sun ci kofi biyu suka zo na uku wannan gidan na San Miguel ɗin ne ya tare su, lokacin suna amfani da sunan Petron, kuma kocin TNT a duka biyun mutum ɗaya ne, Chot Reyes. Don haka idan ka koma dawam ka ce masa ka ji labarin 2011, ka ga yadda zai kalle ka, ina tabbatar maka ranar za ku yi hirar da ba ku taɓa yi ba.

TAMBAYA: Malam ni ma'aikaciyar jinya ce a Madina. Wata abokiyar aikina 'yar Filifin, ba musulma ba ce, ta ce min akwai wani ɗan wasansu musulmi da ya buga wasan ƙarshe cikin azumi bai sha ba. Da gaske ne ko daɗin baki take min?

AMSA: Hajiya da gaske ne. Sunansa Rondae Hollis-Jefferson, Ba'amurke ne da ya taɓa bugawa Brooklyn Nets a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, shi ne ɗan hayar TNT a kofuna biyun da na ambata a sama, kuma a 2023 ya bugawa ƙasar Jodan wasa don ya samu takardar zama ɗan ƙasar. Wasannin ƙarshe na Kofin Kwamishina a 2025 gaba ɗaya cikin Ramadan suka faɗo kuma ya yi azuminsa, haka ma ya yi a 2023. Kar ki ɗauka ƙaramin abu ne don ana wasan da dare, rana na faɗuwa a Manila wajen ƙarfe shida da 'yan mintuna, kinga mutum ya yini babu ruwa a wannan ƙasa mai gumi, ya sha ruwa, bai isa ya cika ciki ba don zai yi gudu, sannan ya shiga fili, wasansu kuma minti 48 ne irin na Amurka, kwata huɗu kowace minti 12, shi kuma ɗan haya ba a cika fitar da shi ya huta ba tunda don shi aka kashe kuɗi. Ni abin da ya fi burge ni ma shi ne ita wadda ta ba ki labarin, ba addininta ba ne amma ta riƙe abin a ranta har ta kawo miki shi don ta san zai faranta miki.

TAMBAYA: Yaya muna gardama da abokaina a Shari'a Mansur, ni na ce babu jifa mai maki huɗu a ƙwallon kwando, iyaka uku ne, wani ya ce ya gani da idonsa a YouTube. Raba mu.

AMSA: Ƙanena abokinka ya fi ka gaskiya wannan karon. A NBA da gasannin duniya iyaka uku ne kamar yadda ka ce, amma PBA ta ja sabon layi a kakar 49 ɗin nan, nisan ƙafa 27 daga kwando, wajen mita 8 da ɗan ɗoriya, duk wanda ya jefa daga bayansa ta shiga maki huɗu ne. Chris Banchero na ƙungiyar Meralco ne ya fara jefa ta a ranar buɗe kakar. Ni dai ra'ayina ban so ta ba, don ɗan wasan da ya saba da ita in ya fita wasan ƙasa da ƙasa babu ita, amma ba zan musa ba tana hana mutane tashi daga kallo, ƙungiya na gaba da maki huɗu saura daƙiƙa biyar har yanzu ba ta tsira ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni dattijo ne, na fi shekara talatin a Makka. Jikana da ke aiki a Jidda ya zo gida da riga ja an rubuta Ginebra, wai abokinsa ya ba shi kyauta. Maƙwabcina ya ce sunan giya ne. Ina so in san gaskiya kafin in yi masa magana.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya, kuma na gode da ka nemi sani kafin ka yi faɗa. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, Ginebra San Miguel sunan wata barasa ce da ake yi a can. Dalilin kuwa, ƙungiyoyin PBA ba na garuruwa ba ne kamar yadda muke da Kano Pillars ko Uhud ta Madina, na kamfanoni ne, kowace na ɗauke da sunan hajar mai ita. TNT ta kamfanin layin waya ce, Meralco ta kamfanin wutar lantarkin Manila, Rain or Shine ta masu fenti, Magnolia sunan kayan abinci ne irin su kaji da madara, San Miguel Beermen kuwa ita ma giya ce.

Amma Baba ina so ka san wanda ya ba shi rigar kusan tabbas ba kwalba ce a ransa ba. Ginebra ita ce ƙungiyar talakawa a ƙasar, kalmar barangay ma unguwa take nufi a wajensu, kuma wannan soyayya ta samo asali ne tun zamanin Robert Jaworski a shekarun 1980, mutumin da yake koci yake kuma buga wasa a lokaci guda, bai ajiye ba sai da ya haura shekara 50 ya zama sanata a 1998. An san su da rashin sallamawa ko an ba su rata mai yawa. A Janairun 2023 mutum 54,589 ne suka shiga kallon wasansu na bakwai da Bay Area Dragons ta Hong Kong, ƙwallon kwando fa ba ta ƙafa ba. Don haka ɗan Filifin ya cire rigar Ginebra ya ba ka, abu mai daraja ya ba ka.

Hukuncin sa rigar kam malamai na kusa da kai sun fi ni sani, su za ka tambaya. Shawarata dai, ni ba zan so ɗana ya yi yawo da tallan barasa a ƙirji ba balle a garin Makka, amma a faɗa masa cikin natsuwa, kar kuma ya mayar wa abokin nasa da ita ta hanyar da zai ji an wulaƙanta kyautarsa. In yana son abin tunawa ya nemi rigar ƙungiyar ƙasarsu, shuɗiya ko fara, Pilipinas kawai aka rubuta a gabanta.

TAMBAYA: Malam na je kallon wasan Saudiyya da Filifin a Jidda a Agustan 2025, wallahi sai na ji kamar mu ne baƙi a ɗakin. Wane ne baƙin nan mai lamba 32 da suke ta ihun sunansa? Ai bai yi kama da su ba.

AMSA: Justin Brownlee kenan ɗan'uwa, kuma ka yi sa'ar kallo. Gasar Kofin Asiya ce aka yi a filin Sarki Abdallah, Saudiyya na gaba da maki uku saura 'yan daƙiƙu ya jefa ta uku ya kai wasan ƙarin lokaci, Filifin ta ci 95 da 88, daga baya Ostireliya ta fitar da su ta kuma je ta ɗauki kofin. Ba'amurke ne ɗan jihar Jojiya, ya zo Ginebra a matsayin ɗan haya a 2016, a shekarar ya jefa wata ta uku daidai ƙarar ƙarshe a kan Meralco wadda ta kawo musu kofi bayan shekara takwas suna jira, tun daga nan suka riƙe shi kamar ɗan gida har majalisarsu ta ba shi takardar ɗan ƙasa a farkon 2023. A Oktoban shekarar ya kai su ga zinare a Wasannin Asiya a Hangzhou, rabonsu da shi tun 1962, kuma ka san wa suka doke a wasan ƙarshe? Jodan, ta Hollis-Jefferson ɗin nan dai da Hajiya ta tambaya a sama, 70 da 60. Su biyun nan sun daɗe suna cin karo, a rigar ƙasa Brownlee ya yi nasara, a PBA kuma sau uku suka haɗu a wasan ƙarshe duka Hollis-Jefferson ne ya ɗauka.

Batun cika ɗaki kuwa, 'yan Filifin dubban ɗaruruwa ne a Saudiyya, da yawansu sun shekara biyu uku ba su ga 'ya'yansu ba sai ta waya, sai ga ƙungiyar ƙasarsu ta zo har garin da suke. Wata da na sani mai aikin jinya sai da ta yi musayar dawam da abokan aikinta ta karɓi na dare biyu a jere don ta samu zuwa wasa ɗaya.

Masu tambaya kan lokacin wasannin, a al'ada Laraba da Juma'a da Lahadi suke yi, wani lokaci har da Asabar, ku cire awa biyar daga lokacin Manila. Sauran saƙonnin da suka shafi D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwandon Najeriya, sai fitowa ta gaba in sha Allahu.