Yawon Yini Ɗaya a Argungu

Tambaya: Malam, zan kai yara Argungu daga Birnin Kebbi. Ina za mu fara? Daga wata uwa, Badariya.

Amsa: Hajiya, ku yi sammako, ku fara da Gidan Tarihi na Kanta kafin rana ta take. An gina shi a ƙarni na 19, ya zama fada har 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958. Akwai masu, takubba, tambura da homar masunta. Akwai kaburburan sarakunan Kabi a ciki, don haka a nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Bayan La'asar ku gangara kogin Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Ki riƙe yara da kyau, bakin ruwan yana da santsi.