Cukun Italiya mai tauri: me za a sha da shi in ba farar giya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke aiki a Italiya ya kawo mana tsarabar wani cuku mai tauri, an rubuta Parmigiano Reggiano da ɗigo-ɗigo a ɓawonsa. Ya ce mutanen can da farar giyar inabi suke cin sa, mu kuwa ba ma sha. Na ɗanɗana shi haka nan, gishiri ya kama mini harshe. Me ya sa sai farar giya, kuma da me za mu musanya ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Yayanki ya yi miki tsaraba ta gaske, kada ki yi saurin ture ta gefe.

A wani yanki ƙarami na arewacin Italiya kaɗai ake yin wannan cuku, wajen Parma, Reggio Emilia da Modena, da ɓangaren Bologna da Mantova. Madarar shanu ce da gishiri, sai abin daskarar da madara da ake samu a tumbin ɗan maraƙi. Dunƙule guda yakan kai kilo 40, kuma yana cin madara kusan lita 550. Ana jiƙa shi a ruwan gishiri kamar mako uku, sannan a ajiye shi aƙalla wata 12, wani har wata 24 ko 36. Ruwan jikinsa yana ta ƙafewa, gishiri da maiƙo suna tattaruwa. Abin da ya kama miki harshe ke nan. Fararen ƙwayoyin da ke ƙaras-ƙaras a haƙori kuma ba lalacewa ba ce, alamar daɗewa ce, kuma masana cuku su suke nema.

Abin da Italiyawa ke bukata a farar giya shi ne tsaminta. Maiƙon cuku yana lulluɓe harshe, tsami ya zo ya wanke shi, sai loma ta biyu ta yi daɗi kamar ta farko. In mai kumfa ce, irin Prosecco, wankin ya fi sauri. Jar giya mai nauyi tana da bauri, irin wanda kike ji in kin tauna goro, kuma bauri in ya gamu da gishiri mai yawa ɗaci yake komawa. To kin ga ba abin maye ke yin aikin ba, tsami ne da kumfa da ɗan zaƙi, kuma duk ana samun su a halal.

Ni abin da na fi so shi ne ruwan farin inabi ko na tuffa. Ki zuba rabin kofi, ki cika da ruwan soda mai sanyi, ki matsa lemon tsami kaɗan. Ruwan inabin kwali shi kaɗai ya cika zaƙi, yana danne ƙanshin cukun, lemon kwalba kuwa ya fi shi ɓarna. Shayi ma yana tafiya, kamar yadda mutanen Agadas ke haɗa nasu cukun da shayi, amma kada ya dahu har ya yi bauri.

Yadda kika ci shi ma yana da hannu a ciki. Ki fitar da shi daga firji kamar awa guda kafin ci. Kada ki yanka shi falle-falle. Ki soka bakin wuƙa ki murɗa, ya ɓalle gutsure-gutsure kamar girman dabino. Ki ɗiga masa zuma, ko ki ci shi da tuffa, inabi ko dabino mai taushi. Za ki ji gishirin ya lafa, wani ƙanshi kamar na soyayyar gyaɗa da man shanu ya taso. In wata rana yayanki ya kawo Grana Padano, wani cukun Italiya mai tauri, ya fi wannan sanyin ɗanɗano. Pecorino Romano kuwa na madarar tumaki ne, gishirinsa ya fi ƙarfi, gara a goga shi a kan taliya.

Tunda kina kiyaye halal, ki sani malamai sun yi saɓani kan abin daskarewar nan in ba a yanka maraƙin bisa shari'a ba, don haka ki tambayi malamin da kika amince da shi.

Ɓawon kuma kada ki zubar. Ki kankare bayansa, ki jefa a tukunyar miya ko wake, ya dahu tare da su.