Me ya sa magoya bayan Rangers ba sa manta 1994?

Malam, ka tambayi abin da ya sa 'yan New York Rangers ke ta maimaita zancen 1994 kamar jiya aka yi. Dalilin shi ne jira. Rabonsu da ɗaukar Kofin Stanley, babban kofin hoki na kan ƙanƙara a Amurka da Kanada, tun 1940. Shekara 54 ke nan, har abokan hamayya suka mayar da "1940!" waƙar tsokana a filin wasa.

A zagayen ƙarshe sun haɗu da Vancouver Canucks, kuma wanda ya fara cin wasa huɗu cikin bakwai shi ke da kofi. Vancouver ta ci na farko, mai tsaron ragarta Kirk McLean ya tare hari 52. Rangers suka ci uku a jere, kowa ya ce an gama. Ina! Vancouver ta farke biyu, aka koma wasa na bakwai a Madison Square Garden ranar 14 ga Yuni.

Brian Leetch da Adam Graves da kyaftin Mark Messier suka zura wa Rangers uku, Trevor Linden na Vancouver ya rama biyu shi kaɗai. Saura 'yan mintuna Nathan LaFayette na Vancouver ya harba faifan robar da ake bugawa a maimakon ƙwallo, ya bugi ƙarfen raga ya dawo. Ni dai a ganina wannan ƙarfen ne ya ba Rangers kofin. Aka tashi 3-2.

Brian Leetch ya karɓi kyautar Conn Smythe ta gwarzon ɗan wasa a wasannin neman kofin, Ba'amurke na farko da ya same ta. A daren kuma tarzoma ta ɓarke a titunan Vancouver.