Ko gadon kakanni yana da sauran amfani ga yaranmu?

Malam, ka tambaya ko akwai amfanin dagewa a kan gadon iyaye da kakanni, alhali yaranka sun taso a zamanin waya da intanet. A ganina amfanin yana da girma, domin wannan gado ya haɗa da harshe, da tarihin zuri'a, da ladabin zama da mutane, kuma a cikin gida yaro yake fara koyonsu tun kafin ya taka makaranta.

Kakata takan zaunar da mu da daddare tana lissafo sunayen magabatanta ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa a kan kowane suna ta faɗi halin mai shi da sana'arsa. Sai bayan rasuwarta muka gane cewa babu wanda ya rubuta ko suna guda, kuma har yau abin yana sosa mini rai.

Irin wannan asarar ce ta sa hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun da ake gada baki da baki. Wayar da kake tsoro, ka miƙa wa yaran su naɗi muryar dattawan gidanku suna ba da labari.