Zan iya ƙara wa tsohuwar kwamfutata gudu ba tare da ta ƙone ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur da na haɗa tun 2012. Furosesar Intel Core i5-2500K ce, madabod ɗin mai Z77, RAM kuma DDR3 mai gigabait 8. Kwanan nan ta fara nauyi idan ina tace bidiyo. Na ji ana tura furosesa da RAM su yi gudu fiye da yadda kamfani ya saita su. Yaya ake yi, kuma tsufanta ba zai sa ta ƙone ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka taki sa'a, domin kayan da ke hannunka don wannan aikin aka ƙera su. Harafin K da ke ƙarshen 2500K yana nufin Intel ta bar lambar ninkin gudunta a buɗe, kuma madabod mai Z77, kamar P67 da Z68, yana ba ka damar taɓa ta. Da a ce H61 gare ka, ko kwamfutar ofis irin ta Dell ko HP da aka kulle mata BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga yayin kunna kwamfuta, da maganar ta ƙare tun a nan.

Sai dai kafin ka shiga BIOS, buɗe Task Manager a lokacin da kake tace bidiyon, ka duba wane ne ya cika. Idan faifan ajiya ne ke kan kashi 100, SSD kake buƙata, wato faifan ajiya mai sauri. Idan RAM ce ta cika maƙil, gigabait 8 ɗin ne suka yi kaɗan, kuma ƙara musu gudu ba zai ƙara musu girma ba. Sai in furosesar ce ke manne a sama, sannan wannan aiki zai biya ka.

Game da tsufa kuwa, ita furosesar ba ta cika damuna ba. Abin da ke kewaye da ita ne ke gajiya. Maikon da ake shafawa tsakaninta da ƙarfen sanyaya, bayan shekaru sama da goma, ya bushe ya zama kamar alli. Cire ƙarfen, ka goge tsohon maikon da barasar goge kayan lantarki, ka ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya. Hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen. Sannan ka haska fitila a kan madabod, ka duba kafasitocin da ke zagaye da furosesa: duk wanda kansa ya kumbura ko ya fitar da wani abu ruwan ƙasa, to ka dakata, wannan allon ba zai ɗauki ƙarin nauyi ba. Akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan kwamfutar lantarki, ma haka. In mara suna ne mai sauƙin nauyi, wanda ya daɗe yana aiki, shi ne abin tsoro, don idan ya mutu yakan tafi da wasu kayan. Ƙaramar fankar da ta zo a kwalin furosesa kuma ba za ta kai ka nesa ba, nemi mai tsayi mai bututun tagulla.

Lissafin gudun mai sauƙi ne. Akwai agogon tushe mai 100 MHz, sai lambar ninki. Furosesarka, wadda ta fito a 2011, tana kan 33, wato 3.3 GHz, tana kuma tashi da kanta har 3.7 GHz idan aikin bai shafi dukkan ƙwayoyinta huɗu ba. Agogon tushen nan kar ka taɓa shi. A wannan zubin furosesa, hanyoyin SATA da PCIe, waɗanda faifan ajiya da katin hoto ke bi, suna rataye da shi, ƙari kaɗan ma yana iya rikita faifan ajiyarka. Lambar ninki kawai za ka ɗaga; a yawancin BIOS sunanta CPU Ratio. Fara da 40, ka bar wutar da ake ba furosesa, wadda ake aunawa da volt (V), yadda take, ka shiga Windows, ka kunna Prime95 ko OCCT, manhajojin da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi don gwaji, na minti ashirin zuwa talatin, manhajar HWiNFO na buɗe a gefe kana kallon zafi. In ta tsaya daram, koma ka ƙara ɗaya. Haka za ka yi ta hawa har ta daskare ko ta nuna shuɗin allo.

A nan ne mutane ke ɓata kayansu. Shuɗin allo, musamman mai lamba 124 ko 101, galibi yana nufin furosesa na neman ƙarin wuta, sai mutum ya zuba mata da yawa lokaci guda. Zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, yana bin ninkinta ne a kanta. Daga 1.20V zuwa 1.35V, ƙarin ya yi kama da ƙarami, amma jimillar lantarkin da furosesa ke ci ta haura da kusan kashi 27 cikin ɗari, tun kafin a lissafa ƙarin gudun. Don haka ka riƙa ƙarawa da 0.01V ko 0.02V, kana gwadawa. Ni a tsohuwar na'ura ba na wuce 1.35V, ba na kuma yarda zafi ya zarce digiri 80 a lokacin gwaji. Gaskiya ne furosesar za ta rage gudu da kanta idan ta doshi digiri 98 don kare kanta, amma wuta mai yawa haɗe da zafi na cinye siraran hanyoyin cikinta a hankali, sai ka ga saitin da ya zauna bana ya ƙi zama baɗi. Da yawa daga cikin irin taka suna kaiwa 4.4 ko 4.5 GHz. Idan taka ta tsaya a 4.2, ka karɓa. Ko daga masana'anta ba a fito da su da ƙarfi ɗaya ba.

RAM sai bayan furosesa ta zauna, kar ka haɗa su rana ɗaya, in ba haka ba ba za ka gane wanda ya kawo matsala ba. Mafi sauƙi shi ne kunna XMP, saitin da mai ƙera RAM ɗin ya riga ya gwada ya ajiye a jikinta. Sau da yawa za ka tarar RAM mai 1600 tana tafiya a 1333 duk tsawon shekarun nan ba ka sani ba. Idan CPU-Z, manhajar duba bayanan kayan kwamfuta, ya nuna maka 800 MHz, kar hankalinka ya tashi, DDR na aika saƙo sau biyu a kowane bugu, 1600 ɗin ke nan. Duba kuma ko ya rubuta Dual, wato sandunan RAM biyu na aiki ta hanyoyi biyu a tare. In bai rubuta ba, ko dai sanda ɗaya gare ka, ko sandunan biyu ba sa cikin ramukan da suka dace. Wutar DDR3 ta asali 1.5V ce, kuma 1.65V ita ce iyakar da ba na ƙetarawa. Tura ta zuwa 1866 da hannu yana yiwuwa, amma ribar kaɗan ce.

Abin da ya sa nake taka-tsantsan da RAM shi ne kuskurenta ba ya ihu. Furosesa in ta gaza, kwamfuta ta faɗi ka gani. RAM kuwa tana iya juya ɗigo ɗaya a cikin fayil ɗin da kake ajiyewa, sai bayan watanni ka buɗe bidiyon ka tarar ya lalace. Sa MemTest86, manhajar gwada RAM, a filas, ka tashi kwamfutar da shi, ka bar shi ya kwana yana zagaye. Kuskure ko guda ɗaya ne, ja da baya. Kwafe muhimman ayyukanka zuwa wani faifai tun kafin ka fara duk wannan.

Idan ka yi saitin da ya hana ta tashi gaba ɗaya, fanka na juyi allo baƙi, zare wayar wuta, ka cire ƙaramin batirin madabod, CR2032, na 'yan mintuna, ka mayar. BIOS zai koma yadda ya zo. Tunda batirin ya kai shekarun kwamfutar, ka canza shi yanzu, don in ya mutu saitinka zai goge. Lambobin da suka zauna maka kuma, ninki da wuta da na RAM, rubuta su a takarda ka manna a cikin murfin akwatin.