Kaka ta shigo: amsoshi kan ajiyar wake da hatsi

Wani manomi daga Tibiri ya ce bara ya zuba wake a buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, da ya buɗe sai ya tarar ƙwari sun mai da shi gari. Ina laifin yake?

Malam, buhun nan ba shi da magani a jikinsa, rashin iska ne ke kashe ƙwaron. Leda biyu ce a ciki, buhun saƙa a waje, kuma huda ɗaya ko ta tsinin allura ce ta isa ta ɓata aikin. Kafin ka zuba, cika kowace leda da iska, ka riƙe bakin, ka danna ka saurara ko tana saki. A sheƙe waken da kyau, a tsince tsakuwa da guntun kara, su ke yaga leda. Kada ka cika shi fal. Bar kamar taƙi guda, ka matse iskar, ka murɗe bakin, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ledar ciki daban, ta tsakiya daban, sannan buhun waje. Masu haɗa su a ɗauri ɗaya don sauri su ne ke kuka da bazara. A aza buhun bisa katako, nesa da bango saboda ɓera. Na ƙosai da alala da uwargida ke ɗiba kullum, a ware shi a bido.

Sai bushewa. Ciji ƙwaya: in ta fashe ƙaras, ta yi, in haƙori ya nutse, mai da shi rana. Ko ka zuba ɗan wake da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka jira minti 15. Gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi. Ƙwayar Phostoxin kuwa, wato maganin ƙwari da ake sa wa hatsin ajiya, kada ta kusanci ɗakin kwana, iskarta na kashe mutum.

Wata baiwar Allah daga Madarunfa na tambaya ko za a iya sa zangarniyar da murzuna ta ci a rumbu.

Hajiya, ana iyawa. Murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, a gona take ɓarnarta, daga nan tsutsar ta shige ƙasa ta kwanta sai damana mai zuwa, ba ta bin hatsi rumbu. Amma a fara sussuka wannan a ci, mai kyau ya zauna. Abin tsoro shi ne raɓar watan Oktoba: a shanya zangarniya bisa kara, ba a ƙasa ba, kuma kada a ɗaure dami da sanyin safiya. A share rumbu tas, a liƙe tsaga da laka, kada a zuba sabo kan ragowar na bara. Maganar murzuna ta baɗi, a nemi malaman gona tun hatsi na fitar da kai. INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, a Maradi na kiwon wani ɗan ƙwaro da ake saki a gonaki yana kashe tsutsar.

Mai tambaya kan yadda ake ajiye harawa: yanke ta tun ganyen na kore, ka naɗe da safe kafin ya yi ƙarau ya zube, ka aza bisa rumfa inda tumaki ba sa kaiwa.